Shafi huɗu kacal, amma sai sun haɗa maka gumi

Ni ɗan shagon zane ne da ni, mu huɗu ne har da yaron da ke koyo. Abincinmu dai bangon littafi ne da kalandar biki da fosta in siyasa ta zo, amma abin da ya fi kwanta min a rai shi ne ɗan littafin komik da muke haɗawa na gajerun labaran kimiyya, irin su kumbo, mutum-mutumi mai magana, baƙi daga wata duniyar. Riba kam ba wata riba, gaskiya fosta ce ke ciyar da shi.

Wajen mai tsofaffin littattafai na tsinci mujallar 2000 AD, ta Ingila, wadda tun 1977 ake buga ta. A ciki akwai wani sashe Future Shocks, labari ɗaya shafi huɗu ko biyar ya ƙare, kuma dole ƙarshen ya juye maka ta inda ba ka zata ba. Da shi editocinsu ke gwada sabbin hannu, ko Alan Moore, shahararren marubucin komik, sai da ya sha rubuta irinsu a farkon shekarun 1980 kafin sunansa ya fita. Mutanen Amurka ma sun riga su, kamfanin EC ya fara Weird Science a 1950, labari huɗu a kowace fitowa. To tsarin da na ɗauka ke nan, duk wanda ya zo min da zancen yana da dogon labari mai shafi ɗari sai in ce malam kawo huɗu tukuna mu gani, wallahi da yawa daga nan ba sa dawowa.

Namu shafi 32 ne, don abin da za a ninke a buga wa sitafula dole lissafinsa ya rabu da huɗu, labari bakwai sun ci 28, sauran talla da 'yar gabatarwa. Bango kawai ke da kala, ciki baƙi da fari, saboda kala farantin bugawa huɗu take ci a madaba'a, kuɗin ba na wasa ba ne.

Inda aikin yake shi ne jeri. Labari ya fara a shafin dama, na biyu da na uku su buɗe tare, na huɗu kuwa sai ka juya takarda za ka gan shi, a nan muke ɓoye juyin. Akwai fitowar da aka matso da talla ɗaya gaba wajen haɗa fayil, komai ya goce da shafi guda, mai karatu na buɗewa idonsa na kan ƙarshen labari tun bai karanta tsakiya ba. Duka bakwai ɗin haka, kuma an riga an buga. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Sai kuma haruffa, yawancin font ɗin komik, wato salon haruffan kwamfuta, babu ƙ da ɗ da ɓ, da hannu muke lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya, ga Hausa da tsawo, magana ta cika da'ira ta rufe fuskar mutum sai an rage.

Yaron nan yanzu yana kan nasa na farko, mutum-mutumi mai shayi a tashar kumbo. Zanen ya yi kyau ba laifi, amma tun a shafi na biyu na gane ƙarshen, na ce ya je ya sake. Sau uku ke nan, jiya ko gaishe ni bai yi da kyau ba.