Rainon kamiliya a Kaduna: inuwa, ruwan sama da lokacin aski

Shukar da ake samun ganyen shayi daga gare ta 'yar dangin kamiliya ce, dangin da asalinsu ƙasar Sin da Japan da maƙwabtansu. A Najeriya inda ta samu wurin zama shi ne tsaunin Mambila a Jihar Taraba, musamman gonar shayi ta Kakara kusa da Gembu. Daga can wani ƙanena ya kawo mini 'yan tsirrai a leda, kowanne bai wuce taƙi ba, na dasa su a bayan gidanmu a Malali.

Mambila tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, ga sanyi ga raɓa. Kaduna kuwa kusan mita 600 ce, ruwa ya ɗauke mana tun ƙarshen Oktoba, iskar hunturu ta biyo baya, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo. Duk hidimar shukar nan a wurinmu ƙoƙarin rage mata wannan bambanci ne.

Shi ya sa ban sa su a ƙasa ba. Rabin duro na huda wa gindi, na cika da jar ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi, na jera su gabas da bishiyar mangwaro, yadda za su sha hantsi, kafin azahar inuwa ta rufe su. Shukar ba ta son a binne wuyanta, wato inda kara ya haɗu da saiwa, don haka daidai inda ƙasar leda ta tsaya nan na tsayar. A sama na shimfiɗa buntun shinkafa don riƙe danshi, amma ina ɗaga shi lokaci-lokaci saboda gara.

Sai maganar toka. Mun saba watsa wa shuka toka, kuma wasu shuke-shuken suna jin daɗinta. Kamiliya ƙasa mai tsami take so, toka kuwa kashe tsamin ƙasa take yi, haka ma ruwan rijiyar burtsatse idan mai barin farin dabbare ne a gindin buta. Alamar a ganye take fitowa: sabon ganye ya koma ruwan ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore, domin saiwar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Ni da damina nake tara ruwan indararo a duro, in riƙa ba su da rani, da sassafe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aski. Idan aka bar ta, bishiya take zama mai tsawo, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Da tsiron ya kama sosai, sai na datse kansa a tsayin kusan santimita 20. Baba mai gadin layinmu ya leƙo ya ce, "Malam, wannan ai yanka ne, ba aski ba." Na ce, "Baba, a yi mata haƙuri zuwa wata guda." Kafin watan ya cika rassa sun ɓullo ta gefe. Da shekara ta zagayo na sake datsewa a wajen santimita 45, yanzu kuma ina tsayar da samanta daidai ƙugu, a baje kamar faifai.

Lokacin askin ya fi yadda ake yin sa muhimmanci a garin nan. Ba na kai almakashi kusa da ita da hunturu ko a tsakiyar bazara, domin reshen da aka yanke a busasshiyar iska bushewa yake yi ya bi ƙasa, tohon da ya fito kuma rana ta ƙone shi. Ina jira ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Da matattun rassa nake farawa, sai waɗanda suka giciye juna suna gugar ɓawo, sai na tsakiya masu hana iska shiga. Kowane yanka a karkace, ɗan sama da idon ganye, don kada ruwa ya kwanta a kai. Bakin almakashin ina goge shi da sifirit kafin in koma kan wata.

Guda ɗaya na bari don fure, fari mai ɗorawa a tsakiya, ga ɗan ƙamshi. Ita dokarta daban ce, kuma haka take ga kamiliyar ado mai manyan furanni ja: ana rage mata rassa ne da zarar furen ya zube, saboda a kan sabon toho take ɗaura furen baɗi. Wanda ya makara, furensa ya yanke da hannunsa. Irin na adon kuwa sanyi yake buƙata kafin ya buɗe, ina ganin ya fi dacewa da Jos.

Idan ganye ya yi baƙi-baƙi yana danƙo, a juya bayansa, za a tarar da ƙananan ƙwari manne suna tsotso. Man darbejiya da ɗan sabulu a ruwa nake fesa musu da yamma.

Daga saman da aka baje nake tsinkar ganye biyu da toho, in bar su su yi yaushi, in murza a tafin hannu, in jira su yi duhu kafin in shanya. Bai kai na sayarwa ba, amma yana isar butar gida in baƙi sun zo.