Telan bututun iska

Shekara biyu na yi ina aikin haƙa nafak a Makka, wato hanyar mota da ake fasawa ta cikin dutse. Wanda ya zauna a Aziziyya ya san sai ya ratsa irinsu kafin ya isa Harami. Ni ba injiniya ba ne. Aikina kula da wani ƙaton bututu na tampol da ake ratayawa a rufin ramin, fanka tana waje tana hura iska ta cikinsa har zuwa inda ake haƙa.

Da farko raina aikin na yi. Masu nakiya da direbobin katafila su ne 'yan gaba, ni kuwa sai faci da ɗaurin igiya, har abokan aiki suka laƙaba mini tela.

Ramin da ba a huda shi ya ɓulle ba, ƙofa ɗaya gare shi, iska ba ta shiga don kanta. In aka tashi nakiya, hayaki mai ja-ja-ja yakan cika wurin, wannan ido na ganinsa. Mugun shi ne kabon monoksaid, wata iska mai guba, ba launi ba wari, kuma yakan maƙale cikin tarin duwatsun da suka zube, sai katafila ta tona ya taso.

Wani mako haƙa ta yi gaba sosai, helima yana ta gaggawa, ni kuma na bar ƙarin tsawon bututun sai gobe sai jibi. Ga wata yaga da tifa ta yi masa a tsakiya, na gan ta, na ce ƙarama ce. Aka tashi nakiya, muka jira rabin awa kamar kullum, muka shiga. Ba a jima ba wani dattijo direba, Bahaushe haifaffen Makka, ya kashe mota ya yafuto ni.

“Ɗana, kaina na sarawa.”

“Baba, ko zafi ne?”

“Zafin garin nan na san shi tun ba a haife ka ba. Wannan ba shi ba ne.”

Bai rufe baki ba na'urar gano iska mai guba da ke rataye a ƙirjina ta fara ƙara. Da ƙyar muka rirriƙe shi zuwa waje, Allah Ya sa da sauran kwana.

Don in kare kaina na ce a ƙara wa fanka gudu. Injiniyan ya dube ni ya ce in ka ninka gudun fanka sau biyu, wutar da za ta ci ninki takwas ce, kuma iskar ta yagar nan za ta zurare. Kunya ta rufe ni. A wurinsa na koyi cewa ba a girke fanka dab da bakin rami, don kada ta zuƙi gurɓatacciyar iskar da ke fitowa ta mayar ciki. Jiƙa tarin dutse da ruwa kuwa ba don sanyi ba ne kawai: ƙurar dutsen nan in ta zauna a huhu, ta zauna ke nan.

Daga baya Baba ya gaya mini yana Mina a 1990, ranar da mahajjata 1,426 suka rasu a turmutsitsin nafak ɗin Mu'aisim, shi ya sa ba ya wasa da numfashi a cikin rami. Tun daga ranar, kowace safiya sai na bi bututun da ƙafa tun daga fanka har ƙarshensa, da tsumma ɗaure a kan doguwar sanda. Inda tsumman ya kaɗa, nan zan kafa tsani.