Asabar a Jimbocho, da mai rawar Sanbaso

Sanyi ya hana ni fita da wuri yau. Sai bayan azahar na shiga jirgin ƙasa zuwa Jimbocho, unguwar masu sayar da tsofaffin littattafai a nan Tokyo, ina neman ƙamus mai rahusa. Ƙamus dai bai samu ba. Ruwa ne ya tsuge, na fake a wani ɗan shagon hotunan da ake bugawa da katako, waɗanda suke kira ukiyo-e.

Mai shagon dattijo ne marar yawan magana. Da ya ga na daɗe a kan hotunan 'yan wasan kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani ya shimfiɗa mini. Aikin Utagawa Kunisada ne, wanda ya rasu a 1865. Ɗan wasa ne ya ɗaga ƙafa ɗaya, da doguwar hula mai ratsin baƙi da ruwan zinariya da jan da'irar rana, rigarsa da zanen gauraka da rassan itacen fain. Hannu ɗaya mafici, ɗayan kuma tarin ƙananan ƙararrawa. Sunan rawar Sanbaso.

A nan na shantake. Rawar ta girmi kabuki, daga tsohon wasan Okina na Noh, wani salon wasan kwaikwayo da ya riga kabuki, aka ɗauko ta, kuma a al'adarsu roƙon albarkar gona ce. Mai rawar yakan fara da dukan ƙasa da ƙafa, yana shirya ta, sannan ya riƙa kaɗa ƙararrawa ƙasa-ƙasa yana zuba iri. Duk wanda ya taɓa bin bayan mai saran shuka yana jefa gero yana rufewa da diddige zai gane wannan sunkuyon ba sai an yi masa bayani ba. Gidajen kabuki na Edo, wato Tokyo ta da, da ita suke buɗe sabuwar kakar wasa a wata na 11 da kuma sabuwar shekara. Abin da ya ba ni dariya shi ne masu sayen hoton 'yan birni ne, 'yan kasuwa da masu sana'a, kuma ba shuka ce ta dame su ba. Fuskar gwaninsu suke so, a kan kuɗin da bai wuce na kwano ɗaya ko biyu na taliyar soba ba.

Dattijon ya juya takardar ya nuna mini bayanta. Ga sawun baren nan zagaye-zagaye, wato faifan da ake lulluɓewa da bawon gora a murza takarda a kan katako. Kowane launi da nasa allon na itacen ceri, kuma wata 'yar tsaga a gefe, kento, ita ke sa launukan su faɗa daidai wurinsu. Tun wajen 1765 suke buga mai launuka da yawa haka. Zanen asali kuwa ba ya tsira, manna shi ake yi a katako a sassaƙe ta cikinsa. Na ƙura wa gashin goshin ɗan wasan ido, sili-sili, duk da wuƙa aka fitar da shi. A ganina masassaƙin ya fi kowa shan wahala, amma sunan ɗan wasa da na mai zane ne suka cika takardar.

Hukuma ma ba ta bar su sun sarara ba. A 1842 an hana buga hotunan 'yan wasa, aka kori ɗan wasa Ichikawa Danjuro na bakwai daga Edo saboda almubazzaranci. Masu bugawa suka koma fitar da fuskokin ba suna, mai saye ya san nasa.

Na tambayi kuɗin hoton. Ya faɗa, na yi godiya, na sayi katin gaisuwa mai kwafinsa. Gobe in Allah ya kai mu akwai wanki, ga rahoton da malamina ke jira ran Litinin ko layi ɗaya ban rubuta ba.