Lahadi: cajar da ta ƙi shiga

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan Vita ɗina, wato gem ɗin hannu na kamfanin Sony, tana kwance a durowar shago, ko ƙiftawa ba ta yi. Ta hannu ce, yayana ya kawo min daga Legas da sallar bara, kuma tun da wayar cajinta ta tsinke daga wuya ban sake ganin haskenta ba.

Abin da ya fi ci min rai, cajin nan shi ne sana'ata. Sola biyu a kan rufi, caja ta fi talatin a jere kan katako: mai ƙaramin baki ta tsofaffin wayoyi, ta Android, Type-C, har da wadda ake cire batir a ɗana. Mutanen gari su kawo waya su tafi da ita cike, ni tawa ta gagara.

Ranar Juma'a na ba Baba direba naira dubu tara ya duba min caja da memori in ya shiga Kano. Yau da hantsi yaron motarsa ya kawo leda. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Cajar PSP ce, gem ɗin Sony da ya riga Vita fitowa, mai zagayayyen baki, ramin tawa kuwa shafaffe ne mai faɗi. Memorin ma na PSP ne, Memory Stick Pro Duo, ya yi wa ramin girma. Na same shi a tasha, ya ce, "Yaro, ni gem na hannu na ce masa, ya rantse min duk ɗaya ne." Na ce, "Ba komai Baba, Allah ya saka." Me zan ce wa dattijon da ya bar lodinsa ya shiga kasuwa saboda ni? Mai shagon ne ya sani sarai, ya ga baƙo ya sauke masa kwantai.

Zuciya ta ƙi haƙura. Na bar wa ƙanena shago, na hau acaɓa zuwa kasuwar Gujungu tunda yau take ci. Rumfa bakwai na shiga cikin ranar nan. Wani bawan Allah ya zazzage buhunsa kaf a kan tabarma, muka gwada ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya ce, "Ɗan'uwa, da siririyar ce da tuni ka wuce gida." Gaskiyarsa. Vita ta farko irin tawa, wadda ta fito a Japan a ƙarshen 2011, ita ce mai bakinta na daban. Siririyar da ta biyo baya a 2013 da cajar Android take sha, irin wadda nake da goma a shago. Suna ɗaya, wasanni ɗaya, amma baki daban. Memori kuwa dukansu biyun nasu na musamman ne, na waya ba ya shiga, ga shi tun 2019 aka daina ƙera na'urar, kayanta sai ƙara wuya suke.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Wanda yake birni, in aka ba shi abin da bai dace ba, ya taka ya mayar a canza masa. Mu nan kuskure ɗaya kuɗin mota ne, da yinin ciniki, da nauyin sake roƙon wani. Shi ya sa na ga Tarayyar Turai ta kyauta da ta wajabta Type-C tun ƙarshen Disambar 2024, har da gem na hannu a cikin dokar. Sai dai mu tsofaffin ne suke iso mu, waɗanda aka gama yayinsu a can, kowanne da nasa bakin.

Na dawo bayan la'asar, ƙura har gira. Ƙanena ya taso da gudu yana leƙen aljihuna, tun safe ya tara abokansa za su buga ƙwallo a Vita ɗin. "Yaya, an samu?" Na girgiza kai. Bai ce komai ba, ya koma ya gaya musu, suka watse ɗaya ɗaya.

Bayan isha'i na haska tocila na ɗauki hoton ramin cajin da lambar da ke bayanta, na tura wa yayana a WhatsApp. Na ce kada ya biya ko sisi sai ya ga bakin wayar ya yi daidai da hoton. Cajar PSP ɗin na rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa, ko wani mai irinta zai biyo.