Laraba, a wani kogo kusa da garin Fada, a ƙasar Chadi

Da hasken tocila nake wannan rubutu a sansaninmu, sanyin tsaunukan Ennedi na ratsa bargo. Sai mun koma inda ake samun sabis zan ɗora shi.

Bayan sallar asuba Baba direba ya dafa mana shayi, muka bi ɗan jagoranmu, wani saurayi Batube, muka hau dutse da ƙafa. Kogon ya kai girman masallacin unguwarmu a Njamena. Ƙasansa kashin awaki ne, rufinsa ya yi baƙi da hayaƙin makiyaya. A bangon ciki kuwa shanu ne ja da fari, masu dogayen ƙaho, ga mutane tsaye a bayansu, ga raƙuma an zana a kan wasu daga cikinsu. Na daɗe ina karanta cewa Sahara ta taɓa zama makiyaya mai ciyawa har zuwa wajen shekara 5,000 da suka wuce, amma yau na tsaya gaban garken da kaina, a wurin da za ka wuni ba ka ga ɗigon ruwa ba.

Na tambayi Malam ina duwatsun nan masu tsirowa daga ƙasan kogo da muka karanta a aji. Ya ce waɗannan sai a dutsen farar ƙasa, inda ruwa ke ɗiga yana barin ɓurɓushi, kuma da yuraniyom ɗin cikinsu ake ƙirga shekarunsu har wajen 500,000. Ennedi dutsen yashi ne. Abin da muka zo nema shi ne wani siririn ɓawo da ya rufe zanen, wanda ƙananan halittu suka bari a hankali. Jar ƙasar da aka yi fenti da ita ba ta da kabon, don haka ba ta aunuwa. Ɓawon yana da shi. Kabon 14, nau'in kabon da ake auna shekaru da shi, kan ragu da rabi duk shekara 5,730, to idan aka san shekarun ɓawon, an san zanen da ke ƙarƙashinsa ya girme shi.

Duk girman bangon nan, abin da Malam ya kankaro da sabuwar aska bai kai ƙwayar gero ba. Sai da ya yi kusan awa guda yana neman gefen da ba zai taɓa jikin saniyar ba. Ni ke riƙe da takardar alminiyam a ƙasa, garin na zuba kamar toka.

A nan na yi kuskure. Iska ta kaɗo, na tsorata kada ta kwashe, na danne garin da yatsa, alhali na cire safar hannu don in gyara tocila. Maiƙon fata sabon kabon ne, zai sa abin ya fito da ƙarancin shekaru. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, wannan ya tashi daga aiki. Rubuta a littafi yadda aka yi." Na ce, "Malam, a gafarce ni." Ya ce ai gara da na faɗa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sai da aka sake kankara a wani wurin. Bangon da ya shekara dubbai, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, yanzu yana da tabo biyu a maimakon ɗaya, kuma na biyun saboda ni ne. Ban ga bambancina da masu watsa wa zane ruwa don ya fito a hoto ba, ko da yake Baba ya ce in daina wannan magana, shi da gangan ya bambanta da tsautsayi.

Mun ɗauki hoton tabon biyu da ma'auni a gefe. Kafin in kwanta na ƙirga safar hannu, saura guda 14, na ware biyu a aljihun rigar da zan sa gobe.