Daga Damagaram zuwa Agege: yadda muke fitar da yara daji da dutse

Wanda ya tashi a Damagaram, inda yaro ke fita bayan la'asar ya yi ta hawan duwatsun Birni har kiran magariba, sai ya yi haƙuri kafin ya saba da zaman unguwar Agege a Legas. Ciki da falo muka samu a gidan haya mai cike da jama'a, tsakar gidan kuwa iyakarta wurin shanya. Ni na samu abin yi cikin 'yan'uwa Hausawa, maiɗakina ta gane hanyar kasuwa, amma yara sun takura ƙwarai, daga makaranta sai ɗaki, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Wani dattijo da muke salla tare ne ya ce mini, "Malam, kai su gandun dajin Lekki, su ga abin da Allah Ya halitta." Gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya ce ta kafa wurin a shekarar 1990, faɗinsa hekta 78, kuma duk mai son zuwa daga unguwarmu sai ya yi sammako bayan asuba saboda cunkoson motoci. Hanyar katako aka shimfiɗa a kan fadama, itatuwa sun haɗe a sama har rana ba ta taɓa mutum, abin da ɗan Sahel irina bai saba gani ba. Birai sukan sauko har kan hanya, ba sa jin tsoron kowa, shi ya sa muke ɓoye guzuri cikin jaka. Autarmu ta tsaya cak tana kallon wata biranya da ɗanta maƙale a cikinta, ta ƙi motsawa sai da suka shige duhuwa. Gadar tafiya da ƙafa da ke rataye a sama cikin itatuwa, mai tsawon mita 401, kuwa mun bar wa manya.

A ganina dutsen Olumo na Abekuta, a jihar Ogun, ya fi dacewa da yaran da ƙafarsu ta yi ƙwari. Tun 2021 jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan ke tsayawa a Agege da Abekuta, saboda haka ana iya zuwa a dawo a yini guda. Tsayin dutsen mita 137 ne daga matakin teku, akwai matakala, akwai kuma matsattsun wurare da mutum ke ratsawa tsakanin duwatsu yana dafawa da hannu, nan ne nake riƙe hannun ƙananan sosai. A kogunansa ne kabilar Egba suka fake lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, har yanzu ana ganin ramukan da suka riƙa niƙa a jikin dutsen. Da muka kai ƙololuwa, kogin Ogun da rufin kwanon garin na ƙasanmu, babban ɗana ya ce, "Baba, in mun je gida hutu, ka kai ni na Birni in gwada su da wannan." Na yi masa alkawarin haka bayan damina, in Allah Ya kai mu.