La'adar da ba ta shiga aljihun kowa

Na taso ina bin kawuna kasuwar dabbobi a nan Maraɗi, inda ba a sayen rago sai dillali ya shiga tsakani: mai saye ya taya, mai dabba ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallamawa, sannan dillali ya karɓi la'adarsa. Da wannan idon na shiga wasan kwamfuta na intanet mai suna World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004, shi ya sa gidan gwanjonsa ya fi yaƙi da dodanni ɗaukar hankalina.

Ɗan wasa yana kai takobi, ko fata, ko ma'adinin da ya haƙo, ya biya ɗan kuɗin ajiya, ya yanka farashi, ya zaɓi wa'adin awa 12, 24 ko 48, ya tafi harkarsa. Idan kayan ya shiga, zinariyarsa, wato kuɗin cikin wasan, za ta iso masa ta akwatin wasiƙa bayan an cire kashi 5 cikin 100; idan kuwa ya yi kwantai, kayan ya dawo, kuɗin ajiya ya bi ruwa.

Wannan kashi 5 ɗin shi ne ya daɗe yana ɗaure mini kai, domin ba ya shiga hannun kowa, shafe shi ake yi daga duniyar wasan baki ɗaya. Dalili kuwa shi ne, duk dodon da aka kashe yana zubar da sabuwar zinariya wadda da can babu ita, kuma dubban mutane suna wannan kisa dare da rana, ta yadda idan ba a buɗe wata kafa da kuɗi zai zurare ba, farashi zai yi ta hawa har sabon shiga ya kasa sayen komai. Wanda ya taɓa riƙe naira a hanyar Jibiya yana ganin tana narkewa a gaban sefa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Saboda wannan damuwar ce masu wani wasan mai suna Old School RuneScape suka ɗora harajin kashi 1 cikin 100 a kasuwarsu a watan Disamba na 2021.

Tarihin RuneScape ɗin ma ya fi kama da namu. Kafin kamfanin Jagex na Ingila ya buɗe babbar kasuwar Grand Exchange a watan Nuwamba na 2007, ƴan wasa cincirindo suke yi a garuruwan Varrock da Falador na cikin wasan, kowa yana ta rubuta tallarsa a allo. Akwai ciniki na gaske a wancan tsari, akwai kuma cuta. Ƙanena ya ɗanɗana irinta a wani wasan daban: sun daidaita da wani a kan sulke, ana dab da danna amincewa sai mutumin ya musanya shi da wani mai kama da shi wanda bai kai rabin kuɗin ba, kuma tattalin sati biyu ya tafi a ƙiftawar ido. Na'urar gwanjo ta toshe wannan ƙofa, amma ta tafi da tayi da sabo tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma ni dai ina jin rashinsu.

Blizzard ta wuce gona da iri a wasanta na Diablo III a 2012, lokacin da ta yarda a yi gwanjo da kuɗi na zahiri. Mutane suka ga cewa sayen makami ya fi farautarsa sauƙi, alhali farautar ita ce daɗin wasan, sai kamfanin ya rufe gidan gwanjon a watan Maris na 2014. A ganina, sun ma yi jinkiri.

Ranar da na kwatanta wa kawu wannan tsari, muna zaune a zaurensa bayan la'asar, ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To, ɗana, wa ke cin la'adar?”

Na ce, “Babu kowa, Kawu, ƙona ta ake yi.”

Ya girgiza kai, ya kurɓi shayinsa, ya ce, “Idan kuma ragon ya fito da ciwo, wa za ka kama?”